Borin Jini: Yadda Ake Karanta Alamominsa a Jiki

Idan aka kawo mutum biyu gaban ma'aikacin jinya a lokaci guda, ɗaya jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu yana ta susa babu ƙaƙƙautawa, ɗayan kuwa ko ƙurji ɗaya babu a fatarsa, sai dai muryarsa ta dushe yana cewa wani abu ya tokare masa maƙogwaro, wanda ya san aikinsa na biyun zai fara kamawa. 'Yan rakiyar na farkon za su yi gunaguni, domin nasu ne ido ke ganin ciwonsa. Amma a sha'anin borin jini, munin fata ba shi ke nuna girman haɗari ba. Murya, numfashi, da ƙarfin tsayuwar mutum su ne ma'auni. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin karatun.

Mutane sun fi kiran ruɗu-ruɗun fata kaɗai da borin jini, alhali lamarin ya fi haka faɗi. Atishawar da ba ta ƙarewa, idon yaro da ya rine don susa, asma, amai bayan cin wani abinci, har faɗuwar da mutum kan yi bayan an yi masa allura, duk tushensu kan zama ɗaya. Garkuwar jiki ce ke yin kuskure, ta ɗauki abin da ba ya cutar da kowa, irin su gyaɗa, ƙwai, ƙurar ɗaki ko fenisilin, a matsayin abokin gaba. Haɗuwar farko shiru take wucewa. A lokacin ne jiki ke haɗa wani sinadari da likitoci ke kira IgE, ya manna shi a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune a fata, hanci, huhu da hanji. Ranar da abin ya sake shigowa, sai ƙwayoyin nan su kwararo histamin da 'yan uwansa. Histamin yana buɗe ƙananan hanyoyin jini har ruwa ya tsatso cikin nama, shi ne kumburi. Yana tsokanar jijiyoyin fata, shi ne ƙaiƙayi. Yana matse hanyoyin iska, shi ne sarƙewar numfashi. Idan ya yi haka a duk jiki lokaci guda, bugun jini ya faɗi, mutum ya zube.

Wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, su suka fara nuna wannan a 1902. Sun yi wa karnuka allurar dafin wata halittar teku da nufin jikinsu ya saba da shi. Karen da ya jure allurar farko, da aka sake ba shi ɗan kaɗan bayan wasu makonni, cikin mintuna ya mutu. Aikin ya jawo wa Richet kyautar Nobel a 1913. Abin ɗauka a nan shi ne, maganar nan da ake yawan ji a kemis, "ai na saba shan wannan maganin, bai taɓa yi mini komai ba", ba ta wanke maganin. Sau da yawa sabon ne ma ya share wa borin hanya.

Fara da tambayar lokaci

Kafin ka duba jikin mutum, tambaye shi me ya ci, me ya sha, me ya shafa, me ya harbe shi, kuma da ƙarfe nawa. Borin da ke tafiya ta hanyar IgE ba ya jinkiri: daga 'yan mintuna zuwa awa 2 yake bayyana. Wanda ya ci kifi shekaranjiya, yau ya tashi da ruɗu-ruɗu, da wuya kifin ne. Akwai wani nau'in mai nawa, wanda ke ɗaukar kwana 1 zuwa 3 idan abin shafawa ne, ko mako 1 zuwa 3 idan maganin sha ne. Wannan ya fi wahalar ganewa, don kafin ya fito mutum ya manta da abin da ya jawo shi.

Fata

Ruɗu-ruɗun borin jini tudu ne mai laushi, mai ƙaiƙayi, wani kamar ƙwayar wake, wani ya kai tafin hannu, wasu su haɗe su zama shimfiɗa guda. Littattafan likitanci da yawa suna cewa ja ne, domin a farar fata aka ɗauki hotunansu. A fatarmu jan ba ya cika fitowa. Tudun kan zo da launin fatar, ko ya ɗan fi ta duhu, ko ya ɗan yi fari-fari. Don haka kada ka nemi launi. Haska tocila daga gefe, inuwar tudun za ta fito, sannan ka shafa da yatsa ka ji tashinsa da ɗuminsa.

Babbar shaidarsa ita ce yawo. Kowane tudu ba ya wuce awa 24 a wuri ɗaya, yakan baje ba tare da tabo ba, wani ya ɓullo a wani wurin. Ga dabara mai sauƙi: zagaye tudu ɗaya da biro, gobe ka duba. Idan cikin da'irar ya koma sumul, borin jini ne. Idan yana nan daram, yana zafi maimakon ƙaiƙayi, ko ya bar baƙin tabo, wani abu ne daban da ke buƙatar idon likita. Ta haka kuma ake raba shi da maƙwabtansa. Ƙazwa ta fi tashi da dare, tana son tsakanin yatsu da kugu, kuma sai ka tarar rabin gidan na susa. Ƙurajen zafi ƙanana ne, a wuya da baya suke taruwa lokacin bazara. Ƙyanda da zazzaɓi da tari da jan ido take zuwa, ƙurajenta kuma daga fuska suke gangarowa. Ƙarara kuwa duk wanda ta taɓa sai ya yi susa, babu ruwanta da garkuwar jikin kowa.

Iyaye su sani cewa a wajen ƙananan yara, mura da sauran cututtukan da ƙwayar bairos ke kawowa sun fi abinci jawo ruɗu-ruɗu. Haka ma manyan da abin ke zuwar musu kusan kullum har ya wuce mako 6, mafi yawansu ba abinci ba ne sanadi. Abin takaici ne a ga an hana mutum ƙwai, nama, kifi, madara da gyaɗa gaba ɗaya, ya rame, borin kuma bai fasa zuwa ba.

Idan ruwan ya taru a can ƙarƙashin fata, sai a ga kumburi maimakon tudu: leɓe ya yi suntum, fatar ido ta rufe ido, wani lokaci hannu ko al'aura. Kumburin leɓe ko ido shi kaɗai yana da ban tsoro, amma ba ya kisa. Na harshe da maƙogwaro ne ke kisa. A nan akwai abin da masu hawan jini ya kamata su ji. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril da kaftofiril suna kawo kumburin leɓe da harshe marar ƙaiƙayi, kuma an tabbatar ya fi samun baƙar fata. Yana iya zuwa bayan mutum ya yi watanni ko shekaru yana shan maganin lafiya lau. Dattijon da ya wayi gari da kumburarren leɓe, a fara duba ledar magungunansa kafin a zargi miyar jiya.

Sai borin abin da ya taɓa fata, wanda shi ke zana wa kansa taswira. Ƙuraje masu ruwa a daidai ramin ɗan kunne, ko ƙarƙashin agogo, ko inda kan bel ke gogar mara, yawanci ƙarfen nikel ne. Tsagewar hannun magina, sinadarin da ke cikin siminti ne. Wanda ya fi yawa a gidajen biki shi ne baƙin lalle. Jan lallen gargajiya da wuya ya cutar da kowa, amma dayis ɗin da ake yin baƙin zane da shi yana ɗauke da sinadarin PPD, irin na rinin gashi. Kwana 2 ko 3 bayan ƙunshi, wani lokaci har mako guda ko fiye, sai zanen ya tashi, ya yi ƙaiƙayi, ya ɗuri ruwa, fure-furen su fito a fata daidai yadda mai lalle ta zana su. Wadda abin ya taɓa samu ta yi sallama da dayis har abada, a hannu da kuma a kai, domin karo na biyu ya fi na farko muni.

Hanci, ido da ƙirji

Mura tana da farko tana da ƙarshe: kwana 7 zuwa 10, da ciwon jiki, wani lokaci da zazzaɓi, majina ta fara da ruwa ta koma kauri. Borin hanci ba haka yake ba. Atishawa ce a jere, biyar, goma, musamman da asuba ko lokacin shara da kaɗe katifa. Majinar tsararo ce kamar ruwa, hanci da ido da ganɗa suna ƙaiƙayi, babu zazzaɓi, kuma abin kan yi watanni. Kowa hunturu yake ɗora wa laifi, kuma gaskiya ne ƙura da bushewar iska suna tayar da shi. Sai dai masu laifin da suka fi daɗewa a cikin ɗaki suke: wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama a katifa da kafet, kashin kyankyasai, gashin kyanwa, da funfunar bangon da ya sha damina. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro suna ƙara wa wutar fetur.

Akwai wani ciwon ido da ya yawaita tsakanin yara a ƙasashe masu zafi da ƙura irin namu, ya fi kama maza. Yaro kullum hannunsa na ido, yana gudun haske, kwantsa mai yauƙi na fita, farin idon kuma a hankali ya koma ruwan ƙasa. Ba apolo ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma yawanci yakan lafa bayan balaga. Haɗarin yana wajen magani. Maganin ɗigawa mai sitiroyid yana kwantar da shi nan take, shi ya sa iyaye ke komawa kemis su sayo ba tare da likita ba, shekara da shekaru. Wannan ɗigawar tana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, yaro ya rasa ganinsa saboda ciwon da da kansa zai tafi.

A ƙirji kuwa alamun su ne tarin dare, jin an ɗaure ƙirji, da fito mai kama da kukan usur idan ana fitar da numfashi. Mai asma da ke da borin wani abinci ya fi kowa shiga haɗari, don haka shi ba a yi masa jira.

Ciki

Ƙaiƙayin baki da leɓe ana cikin tauna, sannan murɗawar ciki, amai da gudawa cikin awa 2, musamman idan fata ma ta tashi, wannan bori ne. Abincin da suka fi jawo shi a duniya sanannu ne: madarar shanu, ƙwai, gyaɗa, waken suya, alkama, riɗi, kifi, jatan lande da danginsa. Wanda jatan lande ke tayar masa, ya yi hattara da soyayyar fara, domin naman ƙwari da na jatan lande suna da sinadari iri ɗaya.

Ba duk ɓacin ciki ne bori ba. Mutumin da ya sha madara cikinsa ya kumbura, ya yi ta ƙugi da tusa, yawanci hanjinsa ne ba ya narkar da sukarin madara. Abu ne gama-gari tsakanin manya a Afirka, ko da yake Fulani makiyaya akasari sun tsira daga gare shi. Yana da takura amma ba ya kisa, kuma irin wannan mutumin yakan sha kindirmo kaɗan ya zauna lafiya. Mai borin madara na gaskiya, cokali ɗaya ya isa ya tayar masa. Gubar abinci ita ma daban ce: duk waɗanda suka ci daga kwano ɗaya take kwantarwa, bori kuwa mutum ɗaya yake zaɓa.

Lokacin da ba a jira

Mummunan borin da ke game jiki, likitoci na kiransa anafilaksis. Ana gane shi idan, jim kaɗan bayan cin wani abu, ko allura, ko harbin zuma ko rina, ɗaya daga cikin waɗannan ya bayyana. Murya ta dushe, harshe ya kumbura, haɗiyar yawu ta gagara, ko numfashi ya riƙa ƙara idan ana jan sa ciki. Ko numfashi ya yi sauri, ƙirji na fito, mutum ya kasa ƙarasa jimla. Ko jiri ya ɗebe shi, gumi mai sanyi ya karyo, ya rikice, ya suma. Jariri ba zai yi bayani ba, sai dai ya yi laushi, ya yi shiru, kukansa ya canza. Shuɗin da ake cewa leɓe na yi idan iska ta yi ƙaranci, a wajenmu toka-toka yake fitowa, don haka a duba harshe, dasashi da cikin fatar ido. Mutane da yawa kan ce suna jin kamar mutuwa za su yi tun kafin a ga komai a jikinsu. A ɗauki maganar da gaske. Kuma a cikin kowane mutum 10 da anafilaksis ya kama, 1 ko 2 fatarsu ba ta nuna komai.

Wani likita a Ingila, Richard Pumphrey, ya bi diddigin waɗanda wannan abu ya kashe a Birtaniya, ya wallafa sakamakon a 2000. Tsaka-tsakin lokacin da numfashi ko zuciya ke tsayawa shi ne minti 30 idan abinci ne, minti 15 idan harbin ƙwaro ne, minti 5 idan magani ne aka bayar a asibiti. Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa babu lokacin aika yaro kiran maigida daga kasuwa.

A kwantar da mutum rigingine, a ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya fi damunsa, a bar shi ya zauna ya miƙe ƙafafu. Mai juna biyu ta kwanta a gefen hagu, wanda ya suma kuma yana numfashi a juya shi gefe. Kada a tayar da shi tsaye, kada a sa shi ya taka zuwa mota, ko da ya ce ya ji sauƙi. An sha samun waɗanda suka mutu daidai lokacin da aka miƙar da su, domin jinin da ya rage ya gangara ƙafafu ya bar zuciya fayau. A ɗauke shi a kwance. Wannan ya sa goyon babur ya zama zaɓi na ƙarshe. Idan ƙarin zuma na nan a fata, a kankare shi da farce nan take. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko jiƙo. Maƙogwaron da ya kumbura ba ya haɗiya, huhu abin zai tafi. Addu'a kuwa a yi ta a hanya.

Maganin ɗaya ne: allurar adirenalin a tsokar cinya, ta gefen waje, wajen tsakiya. Ma'aikacin lafiya yana ba babba miligiram 0.5, wato rabin mililita na mai ƙarfin 1 cikin 1,000. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 miligiram 0.3, ɗan wata 6 zuwa shekara 6 miligiram 0.15. Idan babu sauƙi bayan minti 5 a ƙara. A ƙasashen Turai masu wannan larura suna yawo da allurar da aka riga aka auna, irin su EpiPen. A wajenmu tana da tsada da wuyar samu, amma ƙaramar kwalbar adirenalin araha ce, kuma a ganina duk ɗakin da ake tsira wa mutane allura babu ita a kusa, bai cancanci a yi allura a cikinsa ba. Abin da aka saba gani shi ne a rarumo haidirokotizon da Piriton. Piriton yana rage ƙaiƙayi, ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga bugun jini. Haidirokotizon yana ɗaukar awoyi kafin ya fara aiki. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin ceton rai a Birtaniya ta cire su biyun daga matakin farko na gaggawa a 2021. Bayan mutum ya farfaɗo ma kada a yi saurin komawa gida, don a wasu mutane kaɗan borin kan dawo bayan awoyi ba tare da sun sake taɓa komai ba.

Harbin zuma yana rikita mutane. Hannun da aka harba ya kumbura har gwiwa, ya yi kwana 2 yana ƙaruwa, wannan ba anafilaksis ba ne, sanyi da maganin ƙaiƙayi sun isa. Amma a harbi mutum a ƙafa, leɓensa ya kumbura ko jiri ya kama shi, wannan na asibiti ne, kuma mai cirar zuma da ya taɓa ganin haka ya nemi shawarar likita kafin ya sake hawa wajen amya.

Borin magani mai zuwa a makare

Akwai wani bori da ba ya gaggawa amma ya fi ƙuna muni, ana kiransa ciwon Stevens-Johnson, da sunan likitocin yara biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1922. Mako 1 zuwa 3 bayan fara wani magani, sai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da raɗaɗin ido su zo, a ɗauka maleriya ce. Daga nan baki ya yi gyambo, leɓe ya tsage ya yi ɓawon jini, fata ta riƙa zafi, ta ɗuri ruwa, ta saluɓe. Magungunan da aka fi kamawa da laifin su ne Septrin, Fansidar, magungunan farfaɗiya irin su Tegretol da fenobabiton, da nebirafin na masu cutar ƙanjamau. Duk ƙurjin da ya zo da zazzaɓi da gyambon baki ko ido ga mai shan sabon magani, a dakatar da maganin a tafi babban asibiti a ranar, da kwalin maganin a hannu.

Ƙaiƙayin kulorokwin, wanda manyanmu suka sha fama da shi, ba bori ba ne na gaskiya: susa ce zalla babu ƙurji, ta yi kwana 2 ko 3 ta wuce. Haka wanda ya sha wani magani fitsarinsa ya koma baƙi idonsa ya yi rawaya, wannan fashewar jajayen ƙwayoyin jini ce da ake gado, tana buƙatar asibiti amma hanyarta daban. Rarrabewar tana da amfani, domin a Amurka an gano cewa cikin mutum 10 da ke cewa fenisilin na yi musu bori, kusan 9 idan aka gwada su ba haka ba ne. Tashin zuciya ko gudawa bayan shan Ampiclox bai isa a haramta wa mutum dangin fenisilin duka ba.

Bayan an tsira

A rubuta abin da ya faru tun ba a manta ba: sunan abin, ƙarfe nawa aka sha, ƙarfe nawa alamu suka fara, da waɗanne ne. A ɗauki hoton fatar da waya, don kafin a ga likita ta baje. Idan magani ne, a rubuta ainihin sunansa a kati a sa a aljihu, a faɗa wa duk mai rubuta magani ko mai allura, kuma a nemi ma'aikacin lafiya ya cike takardar rahoton illar magani ta hukumar NAFDAC. Gwajin fata da na jini suna samuwa a wasu manyan asibitoci, amma sakamakonsu sai an haɗa shi da labarin abin da ya faru yake da ma'ana. Kada a gwada abin a gida don a tabbatar.

Mai borin gyaɗa shi ke da babban aiki a ƙasar Hausa, domin gyaɗa ba ta cika zuwa da sunanta ba. Tana cikin yajin tsire da kilishi, tana cikin miyar taushe, da kwaɗon zogale da na rama, da man da aka soya ƙosai idan na matsar gida ne. Dole ya koyi tambayar mai abinci ba tare da jin nauyi ba, yaro kuma a sanar da malamansa na boko da na Islamiyya. Wannan bai zama dalilin hana jarirai masu lafiya gyaɗa ba. Wani babban bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2015, ya nuna cewa ba wa jarirai abinci mai gyaɗa tun suna 'yan watanni ya rage kamuwa da borinta da kusan kashi 80 cikin 100. Kunun gyaɗar da iyaye mata ke fara ba yaro bayan wata 6 yana kan hanya. Ƙwayar gyaɗa ce ba a ba ƙaramin yaro, saboda shaƙewa. Jaririn da fatarsa ke da tsananin ƙaiƙayi da bushewa, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa, shi kam likita ya fara ganinsa kafin cokalin farko.